Ciyawar roba a garin ƙishirwa

A wannan mako za mu duba wani yayi da ya shigo mana, wato ciyawar roba, wadda ake sayowa a naɗe kamar darduma a yanka ta yadda ake so. Masu hannu da shuni na shimfiɗa ta a tsakar gida, masu otal a bakin ƙofa, masu ƙawata wurin biki kuwa su yanko ta siffar zuciya ko tauraro, wani lokaci har da sunan amarya.

Ba abin mamaki ba ne in ta shiga ran Badamagare. Garinmu bisa dutse yake zaune, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan famfonmu daga nesa ake jawo shi, daga rijiyoyi irin na Gogo-Macaya da Arunguza. Wanda ke jiran ɗan garuwa don ruwan tuwo ba zai yi wa haki ban-ruwa ba. To, ga kore da ba ya neman ko da moɗa guda.

Asalinta daga Amurka ne. A 1965 aka buɗe wani rufaffen filin wasa a birnin Houston, aka shafa wa rufin fenti saboda hasken rana na kashe wa 'yan wasa ido, sai ciyawa ta mutu. A 1966 aka maye ta da ta roba. Tun 2004 dokokin ƙwallon ƙafa suka yarda da ita, har aka buga kofin duniya na mata na 2015 a Kanada a kanta, duk da ƙorafin 'yan wasan. A filin ƙwallo, a ƙasa irin tamu, ba ni da ja: gara ita da fagen tsakuwa mai cinye gwiwar yara.

A tsakar gida ne nake da magana. Aikin ba na ɗan koyo ba ne. Sai an share ƙasa, an zuba tsakuwa an daɓe ta, an bar gangare don ruwan damina ya wuce. Ta baya ake yanka ta, da wuƙa mai kaifi. Gashinta gefe guda yake kwanciya, don haka in an juya ƙyalle ɗaya sai launi ya bambanta, aikin ya fito kamar rigar da aka yi wa maho. Kuma kowace kwana ta zane sabon haɗi ne da za a liƙe da gam. Yawan ado, yawan bakin da zai ɗaye. Ragowar da aka yanke kuwa, mai gida ya riga ya biya kuɗinta.

Sai rana. A Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, roba da ke fili kan haura 60. Yaro ba ya taka ta ba takalmi, tsoho ba ya shimfiɗa buzu a kai. Mai so ta huce sai ya yayyafa mata ruwa, ruwan nan dai da aka ce an huta da saye. Bishiyar dogon yaro guda, in ta sha ruwa shekara biyu ko uku, inuwarta har jikoki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu ba baƙin zane ba ne. A zaga Zango a dubi fuskokin tsofaffin gidajen fatake: dagi ne da sauran zayyana da maginanmu suka fitar da hannu, da ƙasar wurin. Yawancinsu na zubewa don ba mai biyan gyara, alhali kuɗin ado na tafiya ga roba daga waje.

Kuma roba na tsufa. Ta filin ƙwallo kan yi shekara 8 zuwa 10 kafin a ɗaye ta. Tarayyar Turai ta yanke a 2023 cewa daga 2031 ba za a ƙara sayar da garin robar da ake barbaɗawa cikin filayen ba. Mu nan, dokar hana leda tun 2014 aka kafa ta, amma a dubi magudanun ruwa da ƙayoyin bayan gari. Kafin ma'aikatar magajin gari ta yarda a shimfiɗa ciyawar nan a wata mahaɗar hanyoyi, ya kamata a rubuta cikin takardar kwangila wanda zai kwashe ta in ta ƙoƙe, da inda zai kai ta.