Ɗan Lifidi Ko Ɗan Baka?

Matasan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a Kano kan kwana musu a majalisa kan jaruman wasannin yaƙi na Turawa, irin Dungeons & Dragons da aka ƙirƙiro a Amurka a 1974, inda ake jefa ƙwayar lido don a san saran wa ya ci. Wa ya fi ƙarfi, mai takobi ko maharbi? Ni musun yana burge ni, sai dai ina ganin mun bar namu a gida. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali, kuma duk wanda ya ga 'yan lifidi a hawan Sallah zai rantse ba mai iya tarar su. To amma lifidi nauyi gare shi, doki yana saurin gajiya a cikinsa, ga shi auduga ce, kibiyar wuta na iya cinna masa gobara. A Tafkin Kwatto, a 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta zo da dawakai da lifida, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa yawancinsu dakaru ne masu baka da kwari, su kuma suka yi galaba. A fili mai faɗi, da hutaccen doki, ɗan lifidi ne gaba. Amma in zaɓi ɗaya aka ba ni, ɗan baka zan ɗauka. Masu shirya wasanni a Kano, ga jarumai nan suna jiran ku.