Sharhi: Likitan da Al'umma Ce Majinyaciyarsa

Sharhinmu na yau a kan likitan lafiyar al'umma ne, wanda aikinsa shi ne tare annoba tun ba ta shiga gari ba.

Ranar 20 ga Yuli, 2014, wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta kamu da cutar, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Hankalin duniya ya tashi, domin Legas birni ne mai miliyoyin jama'a.

Wanda ya jagoranci cibiyar ɗaukin gaggawa da aka kafa a Legas shi ne Dakta Faisal Shu'aib, ɗan jihar Nasarawa, wanda ya karanci likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Daga fagen yaƙi da shan inna aka ɗauko shi, inda tun 2012 ake da irin wannan cibiya a Abuja. A can shi da abokan aikinsa suka goge wajen bin unguwa-unguwa, da tattara rahoto kullum, da yanke shawara ba tare da jan ƙafa ba.

Wannan gogewa suka kai Legas da Fatakwal, inda cutar ta ɓulla. Suka zaƙulo mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar, ana auna zafin jikin kowannensu har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. Ranar 20 ga Oktoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa Najeriya ta rabu da Ebola, alhali a Gini da Saliyo da Laberiya daga ƙarshe cutar ta hallaka sama da mutum 11,000.

A 2017 aka naɗa Dakta Faisal shugaban hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, yana kan wannan kujera a 2020 lokacin da aka tabbatar Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar shan inna ta daji.

Darasin a fili yake: ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin da aka yi lokacin zaman lafiya shi ya ceci ƙasa ranar tashin hankali. Sanƙarau da amai da gudawa da zazzaɓin Lassa kuwa har yau suna cin rayuka a garuruwanmu.

Saboda haka muna kira ga gwamnatoci su horar da irin waɗannan likitoci, su biya su haƙƙinsu a kan kari, su wadata su da kayan kariya kafin annoba ta ɓulla. Ku kuma iyaye, idan ma'aikatan rigakafi suka yi sallama a ƙofar gida, a fito musu da yara. Allah Ya ba mu lafiya mai ɗorewa.