Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Lafiya Na Jihohin Arewa Kan Ƙafar Mai Ciwon Suga

Kukana a kan ƙafafun da ake yankewa a manyan asibitocinmu ne, waɗanda da an duba su da wuri a asibitin unguwa da suna nan. Kusan rabin masu ciwon suga, idan ciwon ya daɗe, jijiyoyinsu kan lalace. Hausa suna ɗaya ta ba jijiyar jini da wadda ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon zafi da sanyi da taɓawa, to ta biyun nake nufi. Sugan da ya yi yawa a jini yana lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita, kuma jijiyar da ta fi tsawo ita ke fara galabaita, shi ya sa ɓarnar kan soma daga yatsun ƙafa. Da farko mutum zai ji raɗaɗi da dare, ko kamar ana tsira masa allura, ko kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarsa. Daga baya sai zogin ya lafa, ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali ƙafar ce ta daina ji. A nan haɗarin yake. Zai taka ƙaya bai sani ba, zai miƙa ƙafa kusa da kaskon garwashi da hunturu har fata ta sale, faso ya zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi. Kuturta, ƙarancin bitamin B12, shan giya da allurar da aka yi a ɗuwawu ba daidai ba duk suna kashe jijiya, amma suga ne ke ta yaɗuwa a cikinmu.

Roƙona shi ne ku wajabta wa kowane ƙaramin asibiti ya riƙa cire wa mai ciwon suga takalmi a duba ƙafarsa, aƙalla sau ɗaya a shekara. Na san za a ce babu kuɗi, babu ƙwararru, ga zazzaɓin cizon sauro da mace-macen masu haihuwa sun sha kan kasafi. Gaskiya ne, sai dai wannan gwajin ba ya buƙatar likita. Wani siririn zaren roba ne mai matsin giram 10 ake dangwala wa tafin ƙafa, mutum ya rufe ido ya faɗi ko ya ji. Ma'aikaciyar lafiya ta karkara za ta koya a wuni guda, ta yi shi cikin 'yan mintoci. A gwada kuɗin zaren da na tiyata, da jinyar watanni, da magidancin da ya daina zuwa gona.

Wasu kuma za su ce ai jijiyar da ta mutu ba ta cika dawowa ba, mene ne amfanin ganowa? Amfaninsa babba ne: daidaita suga yana rage saurin ɓarnar, kuma wanda aka gaya wa ƙafarsa ba ta ji zai daina tafiya ba takalmi, ya daina kai ta wurin wanzami a yi mata sakiya. Mutanenmu da yawa na wanke ƙafa sau biyar a rana wajen alwala, abin da ya rage shi ne ma'aikatanku su koya musu su tsane tsakanin yatsu, su duba tafin ƙafa, su kuma zazzage takalmi kafin su saka.