A hana goyo a keke? To wa zai kai ƙanwar makaranta?

Ranar Asabar da ta wuce muka yi taron iyaye da malamai a makarantar da nake koyarwa, nan cikin birnin Damagaram. Kowa ya san abin da ya tara mu. Wata ɗalibarmu 'yar shekara 12, yayanta ya goyo ta a keke za su zo makaranta, wani mai babur ya kwashe su ta baya a bakin kwalta. Yaron ya tsira da ƙurjewa, ita kuwa ƙafarta ta karye. Har yau tana kwance.

Ba a daɗe ana magana ba wani dattijo ya miƙe ya ce maganin abin ɗaya ne, a hana goyo. Duk ɗalibin da ya iso ƙofar makaranta da wani a bayan kekensa, a sace masa iskar taya, a kora shi gida ya zo da ubansa. Aka yi ta gyaɗa kai. Da aka ce a ɗaga hannu, kusan kowa ya ɗaga. Ni ban ɗaga ba. Na nemi magana aka ce, "Mushe, ka yi haƙuri, azahar ta gabato." Na yi haƙuri a wurin. A nan ba zan yi ba.

Tun daga farkon taron har aka shafa fatiha, ban ji mutum ɗaya ya tambayi wane ne a kan babur ɗin ba. To, yaro ne ɗan shekara 15, ba takardar tuƙi, ba hular kwano, yana sauri don shi ma ya makara. Ubansa ne ya saya masa. Na kuma san abin da ya sa aka yi shiru: da yawa daga cikin masu zaune a bencin gaba, 'ya'yansu da babur suke zuwa makaranta. An rasa yadda za a yi da jaki, sai aka koma kan taiki.

Wani abu ya faɗo mini a rai ina zaune a wurin. Lokacin da nake makarantar horon malamai ta Askia Mohamed, masu yawon buɗe ido ba su daina ratsowa daga Agadas ba tukuna. Wata rana muka ga wani Bature da matarsa a kan wani dogon keke mai siddi biyu, kowa da nasa feda, sarƙa ta haɗa su. Sun ce Kano suka nufa, daga can su gangara bakin teku. Keken ya fi namu tsawo, ga jakunkuna ko'ina, in za su sha kwana sai sun buɗe sosai kamar amalanke. Na gaba ne ke riƙe da kai da birki. Ta baya ba ta ganin gabanta, ba ta iya juya keken, sai dai ta taka ta kuma amince. Sun ratsa gari daga wannan gefe zuwa wancan, ba wanda ya matse su. Direban kamiyo ya rage gudu yana ɗaga musu hannu, 'yan kabu-kabu suka buɗa musu hanya, yara na bin su da shewa. Ba wanda ya ce mutum biyu a keke ɗaya ganganci ne.

Ashe mun iya ba keke hanya. Mun iya ƙwarai, in mun ga na kai mutum ne. Yarinyar da ke zaune a kariyar yayanta daidai take da waccan Baturiya, ita ma ba ta ganin gabanta, ita ma amana ce kawai ke riƙe da ita. Bambancin, ita ba a rage mata gudu.

Sai mu zo ga kuɗi, tunda masu cewa a hana ba su yi lissafin ba. Mutum yana zaune a Kara-Kara ko Garin Malam ko can bayan gari inda sababbin unguwanni suka miƙe, yana da yara biyu a kwaleji, keke ɗaya ya iya saya. Mu ce ɗan kabu-kabu ya yi masa kirki ya ɗauki yaran biyu a dala 40, wato sefa 200. Zuwa da dawowa sefa 400 ke nan a rana. A kwana 22 na makaranta ya kama sefa 8,800, kusan jaka tara a wata, ban da kuɗin kalaci, ban da littafi. Wane mai faskare ne zai fitar da wannan? Wane mai tura ruwa? Ni da nake karɓar albashi ma sai na tsaya na yi tunani. Kuma ɗan kabu-kabun da za mu miƙa masa yaran, ai uku za su zama a kan babur, da gudun da ya ninka na keke.

Duk malamin da ya shekara goma da alli a hannu ya san yadda ake yanke hukunci a irin wannan gida. In aka ce keke mutum ɗaya zai ɗauka, namijin ne zai hau. Macen za a ce ta bi da ƙafa. Za ta yi makon farko, ta yi na biyu, ta makara sau uku a kore ta a ƙofa, zafin watan Afrilu ya zo, shi ke nan. Ba wanda zai ce an cire ta daga makaranta. Za a ce ta gaji. Mu ne kuma za mu zauna a wani taron muna mamakin yadda ajin farko ke cika da 'yan mata, kafin a kai ajin BEPC sun ragu. A jihar Bihar ta Indiya, tun 2006 gwamnati ta fara ba 'yan matan sakandare kuɗin sayen keke, aka kuma ga yawan masu ci gaba da karatu ya ƙaru sosai, musamman waɗanda makaranta ta yi musu nisa. Su sun gane keke hanyar makaranta ne. Mu muna shirin sace masa iska.

Kada a ce ina cewa goyo ba shi da hatsari. Ina tsayawa a ƙofa da safe, ina gani. Na ga yara uku a keke ɗaya, ƙaramin a kan sanda. Na ga keken da ba shi da birki ko ɗaya, yaro na tsayawa da silifa a kan taya. Na ga gefen hijabi yana lilo dab da wayoyin tayar baya, hantar cikina ta kaɗa. Waɗannan duk gaskiya ne. Amma kowanne a cikinsu abu ne da mai gyaran keke zai gyara da kuɗi kaɗan, ko malami ya koyar a cikin rabin awa. Birki ana ɗaure shi. Hijabi ana tattare shi a zauna a kai. Mutum na uku ana sauke shi. Wanda malami ba zai iya gyarawa daga cikin aji ba shi ne gudun abin da ke tahowa ta baya.

Ku dubi garin namu. Babbar hanyar ƙasa da ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Maraɗi za ta Diffa, ta cikinmu take wucewa. Ta Tanut da Agadas a nan take haɗuwa da ta Magariya. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 tankoki suka ƙaru. Da aka yi shirin Zinder Saboua don bikin 18 ga Disamba 2018, an shimfiɗa kwalta mai kyau, mun kuma yi murna, ni ma na yi. Sai dai kwalta mai santsi gudu take ƙarawa, kuma mai keke bai samu rabonsa a cikinta ba. Rabonsa shi ne bakin hanya, inda iska ke tara rairayi, inda mai tebur da mai man kwalba suka kafa, inda adaidaita ke tsayawa ba sigina. In ya shiga rairayi taya ta zame. In ya kauce ya hau kwalta a kwashe shi. Ku gwada ratsa wajen Kasuwar Dole da keke ranar Alhamis, sannan ku zo mu yi magana.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya, kuma shawararta ita ce kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a inda yara da masu ƙafa da masu keke ke cakuɗa da motoci. Malaman kimiyya da ke cikinmu sun san dalili, suna ma koyar da shi: in gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke bukata kafin a tsaya ninkawa take sau huɗu.

Ana yawan ba da misali da ƙasar Holan, kamar da hanyoyin keke aka halicce su. Ba haka ba ne. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a hanyoyinsu, fiye da 400 yara ne. Iyaye ne suka fito suka tare tituna suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya, har hukuma ta sauya yadda ake tsara hanya. Yau ɗan firamare a can jarrabawar bin hanya yake yi, wasu har a kan keke a cikin gari. In an ce Holan ta yi nisa, ga Wagadugu nan kusa, inda aka ware wa masu ƙafa biyu gefensu a manyan tituna. Ba su fi mu rana ba, ba su fi mu ƙura ba.

Mu ma ba baƙin keke ba ne. Kakanninmu da Raleigh suka yi fatauci, iyayenmu da Phoenix suka je aiki, kuma duk lokacin da famfo ya ƙafe a garin nan, keke ne ke ɗauko jarkoki daga inda aka samu ruwa. Yaushe ya zama abin kunya, har uba ke jin ɗansa ya fi ƙarfinsa tun bai fara aske gemu ba?

'Yan'uwana malamai, ga abin da ke hannunmu. Mai gadin da za a sa ya sace iskar taya, a sa shi ya matsa birkin kowane keke sau ɗaya a mako, wanda ba ya kamawa a aika shi wurin mai gyara. A ɗauki awa ɗaya daga lokacin motsa jiki a zana hanya da toka a filin makaranta, a koya wa yara miƙa hannu kafin kwana, da waiwaye, da yadda na baya zai zauna. Kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye su rubuta takarda ɗaya, kowa ya sa hannu, a kai wa magajin gari, a nemi tudun rage gudu da alama a gaban ƙofa, a nemi a riƙa kwashe rairayin bakin kwalta. In ba a amsa ba a sake kaiwa, a haɗa da makarantun da ke maƙwabtaka da mu.

Ku kuma iyaye masu hali, Alhaji, da girmanka nake faɗa. In akwai abin da ya cancanci a tare a ƙofar makaranta, babur ɗin ɗanka ne. Ka karɓi makullin ka ajiye har ya isa. Ka saya masa keke mai birki biyu, zai iso aji lafiya, 'ya'yan wasu ma su iso.

Jiya na je duba yarinyar. Uwarta ta ce an ce sai ta yi makonni kafin ta taka, in ta taka ma ba za ta iya doguwar tafiya ba da wuri. Yayan yana tsugune a zaure yana miƙe tayar baya da ta lanƙwashe. Ya gaishe ni, ya yi shiru, can ya ce, "Mushe, da gaske ne in ta warke ba za a bar ni in kawo ta ba?" Na ce masa ya gama gyaran, ya ɗaure birkin. Ranar da za ta dawo ni zan tsaya a ƙofa, kuma a taro mai zuwa tun kafin a buɗe da addu'a zan rubuta sunana a cikin masu magana.