Wa ya ƙirga numfashin nan?

Na buɗe fayil ɗin wani dattijo a ɗakin maza, na tarar an rubuta numfashinsa 20 a minti da safe, 20 da rana, 20 da dare. Na ɗaga kai na dube shi. Yana zaune ya dafa gwiwoyinsa, kafaɗunsa na hawa suna sauka, ko "lafiya lau" ba ya iya ƙarasawa sai ya tsaya ya ja iska. Na sa agogo na ƙirga: 34.

Abokan aiki, wannan ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da ke kai mutum kabari. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma sau da yawa numfashi ne ke fara sauyawa tun kafin awon jini ya faɗi. Wanda ya rubuta adadin da bai ƙirga ba ya rufe wa likitan da zai karɓi aiki ido.

Kada a ce mini babu kayan aiki. A 1816 likita Laennec, a birnin Faris, takarda ya naɗe ya saurari ƙirji da ita. Ka buɗe rigar mara lafiya ka duba: ɓangarorin ƙirjin biyu suna tashi tare? Leɓensa ya sauya launi? Ƙafafunsa sun kumbura? Ka taɓa maƙogwaro ka ji ko ya karkace. Ka ƙwanƙwasa: inda ruwa ya taru sautin a toshe yake, inda iska ta maƙale kamar ganga. Sannan ka saurara, gaba da baya, dama da hagu. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, a kai majina gwajin tarin fuka.

Abin ya fi ciwo a kan yara. Uwa ta ce "numfashinsa ne, malama", a rubuta mata maganin maleriya ba a ko ɗaga rigar yaron ba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace cewa numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 a minti ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 daga nan zuwa shekara ɗaya, 40 zuwa shekara biyar. Idan ƙasan ƙirjin yaro na lotsawa yayin jan iska, nimoniya ce ake zargi.

Na san layin yana da tsawo, na san mutum ɗaya ke riƙe da ɗaki guda. Amma ƙirgar minti ɗaya ce. Don Allah, idan ba ka ƙirga ba, ka bar gurbin babu komai.