Mu Nemi Rumfa Da Sunan Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, in an gama girbi hannuwanmu a Tudun Jukun ba su zama banza. Mata suna saƙa faifai da tabarma, suna ɗinkin hula, maza kuwa suna saƙa kwanduna, suna tufkar igiya. Amma wa ke cin ribar? Dillalin da ke bi gida-gida ya saya da araha, ya kai Sabon Gari ko Kaduna ya ninka kuɗin.

A ganina, ya kamata mu nemi rumfa a bikin baje koli na Kaduna, wanda ƙungiyar 'yan kasuwa, KADCCIMA, ke shiryawa tun 1979. Filin yana kan hanyar Zariya, wajen Rigachikun. Amma kada kowa ya tafi shi kaɗai. Kuɗin rumfa da na mota da na kwana sun fi ƙarfin mutum ɗaya. In mutum ashirin suka raba, ba wanda zai ji nauyi.

Saboda haka sakatare ya rubuta takardar neman rumfa da sunan ƙungiya tun da wuri, ya haɗa da shaidar rajistarmu. A zaɓi kaya masu kyau kaɗai, a tsai da farashi, a rubuta kayan kowa cikin littafi don gudun rigima.

Wani zai ce, in ba a yi ciniki ba fa? Gaskiya ne, akwai kasada, shi ya sa za mu fara da kaɗan. Amma wanda ya sayi kayanmu bana ya ji daɗinsu, baɗi shi zai neme mu, mu kuwa mu sami kuɗin taki kafin damina.