Kafin Kuɗin Kolmani Su Fara Shigowa

Jama'ar Bauchi da Gombe, da ku 'yan'uwa na Zamfara da Nasarawa, ku farka!

A watan Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Aka yi guɗa, aka watse. Ba wanda ya tsaya ya tambayi inda kuɗin za su sauka in sun zo.

Tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, amma sashe na 162 ya ce a mayar wa jihar da aka haƙo arzikin aƙalla kashi 13 cikin 100 na abin da aka samu, mai ne ko zinare. Asusun jiha suke faɗawa, su gauraye da kason wata-wata, daga nan sai yadda gwamna ya ga dama.

Ku dubi Neja Delta. A watan Nuwamban 2022 ɗin dai Nyesom Wike, yana gwamnan Ribas, ya tona cewa an biya jihohin yankin bashin kashi 13 da suke bin tarayya tun 1999. Talakawa da yawa a bakinsa suka fara jin labarin. Gwamnoni sun karɓa, sun ja bakinsu sun yi gum. Ku kuma Zamfarawa kun san abin da zinare ya bar muku: a 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, masu saye kuwa suka tafi da ribar.

A jihar Alaska ta Amurka, jama'a ne suka kaɗa ƙuri'a a 1976 suka gyara tsarin mulkinsu, aka wajabta zuba aƙalla kashi 25 na kuɗin mai da ma'adinai a wani asusu da ba a taɓa uwar kuɗinsa. Tun 1982 mazauna jihar ke karɓar rabonsu duk shekara. Sun ɗaure ƙafar kuɗin ne tun kafin manyan kuɗin mai su fara kwarara, domin tun ran gini tun ran zane.

To, ga aikinku. Ku je gidan ɗan majalisar jiharku, ku da limaminku da shugabannin matasa da ƙungiyoyin mata. Ku ce doka kuke so: asusu na daban don kuɗin ma'adinai, a riƙa karanto abin da ya shiga da abin da ya fita a rediyo duk wata, da Hausa da Fulatanci, a kuma ajiye wani kaso saboda jikoki. Mutanen Alkaleri da Akko, da ke yankin Kolmani, dokar man fetur ta 2021 ta ware wa garuruwan da ake haƙa a cikinsu kashi 3 na kuɗin gudanarwar kamfani; ku tambayi wa zai riƙe muku amanar.

Duk mai neman ƙuri'arku, gwamna ko ɗan majalisa, ya sa hannu kan wannan alƙawari a bainar jama'a kafin ya hau dandamali.